Auta Ya Shayar da Injin Saƙa

Ranar Litinin da hantsi injin saƙar Yaya ya fara taurin kai. Ba tsayawa ya yi ba. Kan injin, wato ƙarfen nan mai mariƙi da ake turawa dama da hagu a kan siraran layuka biyu, shi ne ya yi nauyi, yana tafiya yana ƙugi kamar jakin da aka lafta wa kaya. Injin ya girmi 'ya'yan Yaya duka huɗu, kuma shi ya ciyar da su. Ranar Alhamis da ƙarfe goma shugabar wata makaranta za ta zo shagon ta ga an saƙa farar rigar sanyi ɗaya a gaban idonta. In ta gamsu, aikin rigunan ɗalibai ɗari da ashirin na Yaya ne. In ba ta gamsu ba, akwai wata mai saƙa a bayan tasha da ke jira.

Dattijon da ya shekara ashirin yana duba injin yana kwance a asibiti, an yi masa aikin ido. Aikinsa dama ba shi da yawa: buroshi, tsumma, sai ɗigo uku na farin man keken ɗinki a kan kowane layi. Ya sha ruwa ya tafi.

Auta, ƙanen Yaya, yana zaune a benci yana sauraron ƙugin da ido a rufe, kamar likita. Shekarunsa talatin da huɗu. Ya taɓa yin wata tara a wata babbar masaƙa kafin a rufe ta, inda aikinsa shi ne share ɓurɓushin auduga a ƙarƙashin injuna. Tun daga lokacin yake sa shuɗiyar rigar leburori, da sukudireba maƙale a aljihun gaba inda sauran mutane ke maƙala biro, kuma ba ya amsa kira sai an ce Injiniya. Yaya kaɗai ke ce masa Auta ya waiwayo.

"Ƙishirwa ce," ya ce. "Yaya, injin nan ƙishirwa yake ji. Shekara ashirin ana ba shi ɗigo uku. Ɗigo uku! Ciwon ido yake yi?"

"Da ɗigo ukun na aurar da 'ya'ya biyu."

"A masaƙa da bokiti muke ba su."

"Shi ya sa aka rufe ta," in ji Tela daga shagon da ke maƙwabtaka. Katako ne kawai ya raba shagunan, kuma tsohon ba ya barin magana ta wuce ta ƙofarsa ba tare da ya ɗinka mata aljihu ba.

Auta bai kula shi ba. "Ni na san inji ta inda ku ba ku taɓa ganinsa ba," ya ce. "Ta ƙasa."

Washegari Yaya za ta tafi babbar kasuwa sayo farin ulu, tafiyar yini guda, ta kwana gidan gwaggonsu, ta dawo Laraba da yamma. Da ta miƙa wa Auta makullin sai da ta riƙe ɗaya gefen ta ƙi saki.

"Tsumma kawai. Ka goge ƙura ka rufe shi da zane. Ranar Alhamis na lallaɓa shi haka nan, ya san hannuna. Ka ji ni?"

"Haba Yaya, sai ka ce yaro."

"Da yaro ne ai da hankalina ya kwanta."

Motarsu ba ta gama fita daga unguwar ba Auta ya gama tsara rayuwarsa. A layin nan kaɗai akwai kekunan ɗinki tara da injin niƙa biyu. Makarantar kuwa, ya ji an ce tana da ɗakin koyon sana'a cike da injuna. Shugaba za ta ga kan injin yana sulɓi kamar kifi a ruwa, ta tambaya wane ne ya yi wannan aiki, shi kuma ya ɗan sunkuyar da kai don kawaici. Daga nan sai shago, sai ma'aikata, sai reshe na biyu. Har ya fara tunanin ko zai ɗauki Tela aikin gadi.

Ya fara da tsumman, don kada a ce ya saɓa alkawari. Bayan minti biyu ya zaro sukudireba.

Abu na farko da ya ci karo da shi wani dogon ƙarfe ne siriri da ke kwance a kan allurai daga wannan ƙarshe zuwa wancan. Ya zaro shi. A jikinsa manne da wani soso, ya yi baƙi, ya lotse. Auta ya fito da shi ƙofar shago yana ɗaga shi sama kamar wanda ya kashe maciji.

"Jama'a ku zo ku ga ƙazanta! Shekara ashirin tsoho na zuwa yana shan ruwan sanyi, ga abin da ya bari a cikin inji!"

Mai Walda, wanda rumfarsa ke ɗaya gefen, ya ɗage baƙin gilashinsa ya duba. "Injiniya, anya ba da shi aka ƙera injin ba? Na ga kamar da gam aka manna shi."

"Datti in ya daɗe ai mannewa yake yi. Kai ƙarfe kake haɗawa, ni cikinsa nake karantawa."

Ya sa wuƙa ya kankare soson tas, har ƙarfen ya yi ƙyalli. Soson nan shi ke danne allurai su zauna a ramukansu. Babu wanda ya san haka a layin sai mutum ɗaya, shi kuma idonsa na naɗe da bandeji.

Da ƙarfen ya fita, allurai suka saki jiki. Auta ya ɗauki wannan a matsayin gayyata. Ya zare su ɗaya bayan ɗaya, ɗari biyu cif, ya zuba a roba, ya kawo ruwa da garin sabulu, ya cuɗa su kamar mai wankin shinkafa. Ya shimfiɗa su a kan jarida a bakin hanya su sha rana.

Tela ya leƙo, awo rataye a wuyansa. "Sannu da wanki. Guga fa? In kawo dutsen guga?"

"Baba Tela, ka tsaya a kan wando."

"A kan wandon nake. Shekara arba'in ina tare da allura, ban taɓa yi wa ko ɗaya wanka ba, kuma ba ta taɓa yin wari ba."

"Shi ya sa har yau kake shago ɗaya."

Kafin la'asar wata babbar mota ta wuce da gudu, iskarta ta ɗaga jaridar. Auta ya yi sa'a guda a durƙushe yana tsince allurai a cikin ƙasa, masu wucewa suna tsallake shi. Wata mata ta tsaya ta tambaya ko ɗan kunne ya ɓata. Da ya ƙirga, ɗari da casa'in da uku. Ya yi tunani kaɗan, ya yanke hukuncin cewa bakwai ɗin dama cunkoso suke jawowa.

Laraba da safe ya buɗe robar ya tarar duk sun yi ja. Tsatsa ta kama su daga kai har gindi.

Mai Walda ya zo ya tsaya a kansa. "Injiniya, lalle ka sa musu?"

"Cutar ce ke fitowa. Dama tana ciki, sabulu ne ya tono ta. Ara mini samfefa."

Ya goge su har azahar, yatsunsa suka yi jini a wuri uku. A bakin kowace allura akwai wani ɗan harshe da ke buɗewa yana rufewa don ya kama zare. Wasu harsunan suka ƙage, wasu suka karkace, biyu suka fita gaba ɗaya. Ya mayar da alluran ramukansu, ya rarraba gurabe bakwai ɗin da babu kowa a wurare daban-daban, yadda ido ba zai yi saurin kamawa ba. Daga nesa injin ya yi kama da bakin tsoho mai murmushi.

Sai babban aiki. Ya tafi garejin bakanike ya dawo da gwangwani biyu: ɗaya giris, ɗaya baƙin man da aka juye daga injin wata tsohuwar motar ɗaukar yashi.

Tela ya toshe hanci. "Wannan kuma na mene ne?"

"Man da ya ja tan goma na yashi. Kana ganin ulu zai gagare shi?"

"Farin ulu fa za a saƙa, ɗan nan."

"Ulu ta sama yake bi, mai ta ƙasa. Ba sa haɗuwa. Ilimi ne, Baba Tela, ba a gadonsa."

Ya lafta giris a kan layukan biyu da cokali, ya tsiyaya baƙin mai a kan allurai har yana ɗiga ƙasan tebur. Ya kama kan injin ya tura. Bai motsa ba. Ya sa kafaɗa. Ya tafi kamar taku ɗaya na kunkuru, ya tsaya, giris na fitowa ta gefe kamar laka a ƙarƙashin taya.

"Da yana ƙugi yana tafiya," in ji Mai Walda. "Yanzu ya yi shiru ya zauna. An samu ci gaba."

"Ya ƙoshi ne. Ko kai in ka ci da yawa ai ba ka iya tashi. Sai an ba shi abin narkarwa."

Abin narkarwar kananzir ne, kwalba guda. Ya kwarara shi a kan layukan, giris ya saki, ya zama wani ruwa baƙi mai santsi. Ya janye allurai baya don kada su shiga hanya, ya tura kan injin da yatsa ɗaya. Ya sulale fiu, ya daki wani ɗan ƙarfe a ƙarshen layin, ƙwas, ya tsaya. Ya turo shi ɗaya gefen, nan ma ƙwas.

Auta ya tsura wa 'yan ƙarafan biyu ido. Ga inji yana son gudu, ga wasu abubuwa sun tsaya masa a hanya.

"Kun ga maƙiyan," ya ce.

"Injiniya," in ji Mai Walda, "ni dai ko ƙofa na yi wa mutum, sai na sa mata abin da zai tare ta."

"Ƙofa kenan. Wannan inji ne. Ka taɓa ganin an yi wa dokin sukuwa dabaibayi?"

Ya kwance su, ya jefa a aljihu. Tela ya girgiza kai ya koma kan kekensa yana faɗa wa wandon da ke hannunsa cewa garin gyaran gira ake rasa ido.

Da yamma Yaya ta bugo waya. Motarsu ta lalace a hanya, sai gobe da sassafe za su taso.

"Ka goge shi?"

"Yaya, ba za ki gane shi ba."

"Auta, me ka yi?"

"Ba na jin ki sosai," ya ce, ya kashe wayar.

Ranar Alhamis tun ƙarfe tara Auta ya share shago, ya rufe injin da farin zanen gado, ya jera benci biyu a ƙofa. Ya bi layin shago-shago yana gayyata. Mai aski ya zo da wanda yake yi wa aski, rabin kai a aske. Mai niƙa ta zo da garin da ke girarta. Tela ya fito da kujerarsa ya zauna a gaba, ya ce shi ba ya son a ba shi labari.

Goma saura minti biyar wata ƙaramar mota ta tsaya daidai ƙofar shagon. Shugaba ta fito, doguwar mace mai tabarau, sanye da fararen kaya masu guga, irin matan da ɗalibai ke jin takunsu tun daga nesa su gyara zama. A daidai lokacin Yaya ta sauko daga babur da buhun ulu a ka, ƙafafunta duk ƙura. Ta ga benci, ta ga jama'a, ta ga zanen gadonta. Ta shaƙi iska.

"Warin kananzir nake ji."

"Tsafta ce, Yaya."

Ba ta da damar tambaya ta biyu. Ta gaida Shugaba, ta ba ta kujera kusa da injin, tana ba da haƙurin rashin shiri. Auta ya gyara murya.

"Ranki ya daɗe, kafin a fara. Injin da za ki gani yau, shekaranjiya gawa ne. Ba yabon kai ba, amma duk wanda ya san masaƙa..."

"Kai ne mai saƙar?" in ji Shugaba.

"Ni ne Injiniya."

"To ina da taro ƙarfe sha ɗaya."

Ya yaye zanen. Cikin zanen ya riga ya yi taswirar baƙin mai. Injin yana ƙyalli kamar kifin da aka tsamo daga kwata. Yaya ta dube shi, ta dubi ƙanenta. Sannan, da yake mace ce da ta saba fita kunya a gaban baƙi, ta ciro dunƙulen ulu, ta zura zaren, ta jera allurai, ta yi bisimilla ta tura.

Kan injin ya wuce sumul, ba ƙugi, ba nauyi, har ta kusa faɗuwa a kansa.

"Kun gani!" Auta ya juya ga jama'a. "Da yatsa ɗaya! Baba Tela, ina bakin?"

"Yana nan. Duba zaren."

Layin farko na farar rigar ya fito launin toka. Na biyu ya fito baƙi, da ramuka bakwai a jere, kowane rami a inda babu allura.

Shugaba ta sunkuyo ta gyara tabarau. "Fara na ce."

"Ranki ya daɗe, somin-taɓi ne," in ji Auta. "Yana fitar da tsohon ciwo. Kuma in kin duba, yara ba sa barin fari ya kwana fari. Wannan ya riga su."

"Ramukan fa?"

"Shan iska."

"Rigar sanyi ce."

A turawa ta uku allurai, da babu abin da ke danne su, suka ɗago kai gaba ɗaya kamar masu son ganin abin da ke faruwa. Kan injin ya shiga tsakiyarsu ya cije. Yaya ta saki mariƙin nan take.

"Kada kowa ya taɓa. In aka matsa masa karyewa za su yi. Ranki ya daɗe, ki ba ni zuwa Asabar, in samu dattijon da ke..."

Auta ya ga shago da ma'aikata da reshe na biyu suna shirin komawa hannun tsoho mai bandeji a ido. "Wane dattijo? Yaya, matsa. Hannunki ya saba da lallashi, shi kuwa yanzu inji ne na gaske, umarni yake so."

"Auta, na haɗa ka da Allah."

"Injiniya," ya gyara mata, a gaban mutane, karo na farko a rayuwarsa.

Ya kama mariƙin da hannu biyu, ya tokare ƙafa ɗaya a bango, ya ja numfashi, ya danna da duk ƙarfin shekara talatin da huɗu.

Aka ji ƙarar kamar an taka buhun kwalabe. Allurai suka yi tsalle sama, suka zubo a kan jama'a. Mai aski ya kare fuska da abokin cinikinsa. Kan injin ya ɓalle daga cikinsu, ya samu layi mai santsi a gabansa, ya kai ƙarshe, bai tarar da kowa ba. Ya tashi sama. Ya wuce ta gaban hancin Shugaba yana fesa baƙin ruwa, ya ture gwangwanin man da ke gefen tebur, ya fita ta ƙofa da zaren ulu yana bin sa kamar jela, ya ratsa tsakanin Tela da mai niƙa, ya sauka a kan gilashin gaban motar Shugaba. Gilashin ya yi fari, ya tsattsage, ya lotsa ciki. Dunƙulen ulu ya ci gaba da birgima a ƙasan shago yana warwarewa shi kaɗai.

Shugaba ta cire tabarau. Inda tabarau ya rufe ne kawai ya rage da launinsa na asali. Daga goshi zuwa gwiwa ɗigo-ɗigo ne baƙi, kamar zabuwa.

Auta ya dubi tazarar da ke tsakanin tebur da mota. Duk da halin da ake ciki, abin ya burge shi.

"Amma dai kun ga gudu," ya ce.

"Mun gani," in ji Tela, yana cire allura daga hularsa. "Ko birki bai nema ba."

Shugaba ta goge tabarau da gefen gyalenta, ta mayar. Ta fita, ta ɗauke kan injin daga gilashin da yatsu biyu, ta ajiye shi a kan benci a hankali. Ta juya ga Mai Walda.

"Bawan Allah, ta ina ake bi zuwa bayan tasha?"

Mai Walda ya dubi Yaya, ya dubi ƙasa, ya nuna hagu da haɓa.

Yaya ba ta yi kuka ba, ba ta ɗaga murya ba. Ta sunkuya ta cire takalminta na dama, ta auna nauyinsa a hannu.

"Yaya, tsaya ki ji. Matsalar ƙarama ce. Da an ƙara kananzir rabin kwalba..."

"Zo nan, Injiniya."

Ya yi baya taku biyu, ya juya zai ruga, ƙafarsa ta sauka a cikin man da ya malale daga gwangwani. Ƙafafun biyu suka riga shi fita. Ya faɗi a kan bayansa, ya sulale a kan siminti, ya wuce ƙofa, ya wuce tsakanin bencin biyu inda jama'a suka buɗa masa hanya, ya gangara 'yar gangaren bakin shago, sukudireba na bin sa a baya, sai da ƙafafunsa suka daki tayar motar Shugaba ya tsaya.

Shugaba ta leƙo ta taga ta dube shi a kwance. Ta jira ya janye ƙafafunsa, sannan ta leƙa da kai waje don ta ga hanya, ta kunna sigina ta hagu.